Butar Shayi Uku da Jirgin Marigayi Len

A kan gadar kamun kifi muka ƙulla cinikin, ni da Warwick Zadow, wata Asabar da hantsi. Ina zaune a kan bokiti, kifi ya ƙi cin ƙugiya, sai na ji takun takalmin birni a kan katako.

"Kawu Col, an ce nan zan same ka."

"Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Matsa can, inuwarka tana korar mini kifi."

Shekararsa hamsin da biyu, ga tumbi ga sanƙo, amma har yau Kawu yake kirana. Ni da ubansa, marigayi Len, mun yi shekara ashirin muna askin tumaki tare, da ƙugu ya gaji muka koma gyaran famfon jawo ruwa mai aiki da iska a gonakin mutane. Shi Warwick tun yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai shi makaranta Adelaide, can ya zauna, can ya yi aure, yana wani aikin ofis da har yau ban gane kansa ba. Garinmu Ansell Bay sai sau ɗaya a wata yake leƙowa.

Ya ce aiki ya kawo mini. Za a kwashe kayan gidan uwarsa Dulcie, a share rumfar baya, abin da za a kai Adelaide in kai a a-kori-kurata. Ladana kuwa jirgin kamun kifin Len, da injinsa da komai. Shekara shida ke nan jirgin yana kife a rumfar, shekara shida kuma ina haɗiyar yawu duk lokacin da na wuce.

Na ce, "Ita Dulcien ina za ta?"

"Gidan tsofaffi. Na samo mata ɗaki mai kyau kusa da mu."

"Ita ta ce tana so?"

"Kawu, maganar ta wuce so. Gigin tsufa ya fara kama Mama."

Ya shiga lissafo mini da yatsu. Butar shayi ta lantarki uku ta ƙone cikin shekara guda, wato tana kunnawa ta manta. Kayan sawarta, ita da ake kwatance da wankinta, sun koma toka-toka, tawul ya yi tauri kamar buhu, ke nan mantawa take ta zuba sabulu. Hannayenta duk sun yi zane don soshe-soshe. Miyar waken da ta kai walimar coci, waken kamar tsakuwa, har fasto ya kusa barin haƙori a ciki. Babbar kuwa, wai kullum da safe tana jin ana ƙwanƙwasa mata bangon ɗaki, ta fita ta ga ba kowa.

"Ranar Juma'a ta sama wata nas za ta zo daga Port Lincoln ta gwada ta. Tana sa hannu a takarda, shi ke nan."

Na naɗe zarena a hankali ina tunani. Ni ban yi karatu mai nisa ba, aji biyar na bar makaranta, amma akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba. Larabar da ta wuce muna karta a zauren coci, na ɗan ɓoye wata ƙaramar karta a ƙarƙashin cinya, abin da nake yi shekara talatin ba wanda ya taɓa kama ni. Dulcie, da yanar idonta da komai, ta ce, "Col Treloar, bakwai ɗin nan ba ta fito ba tun da aka raba, ɗaga ƙafarka." Matar da ke riƙe da kartar tebur duka a ka, ba ita za a ce ta manta da sabulu ba.

Na ce, "Mu sake cinikin. In nas ta zo ta tabbatar kan uwarka ya ruɗe, zan kwashe maka kaya kyauta har ƙofar gidanka, jirgi kuma ka sayar wa wanda kake so. In kuwa na nuna maka ba kanta ba ne, ta zauna a gidanta, jirgi nawa ne, ba na ɗaga ko cokali."

Ya yi dariya irin ta tausayi. "Kawu, hasara za ka yi."

"Ai ba yau na fara ba. Kawo hannu."

Muka tafa.

Ranar Litinin da safe na dira gidan da akwatin kayan aikina. Gidan dutse ne, irin na da, Len ya haɗa shi yadda kowane gidan kirki yake a garinmu: ruwan gari yana tsayawa a lambu da bayan gida, ruwan cikin gida kuwa, na sha da wanka da wanki, daga babban tankin ruwan sama yake fitowa. Ruwan garinmu daga ƙarƙashin farin dutse ake jawo shi, zartsinsa ko tumatir ba ya so, balle mutum.

Dulcie ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɓarawon karta. Me ka zo sata?"

"Jirgin mijinki."

"Na ji labari. Kai da ɗana kun zauna kun yi caca a kaina kamar tunkiya."

"Ni ai a kanki na sa, Dulcie. Shi ne ya sa a kan gidan tsofaffi."

"To ka zaɓi gurguwar tunkiya. Shigo, goge ƙafarka."

Ta ɗora shayi a sabuwar butar da Warwick ya kawo mako uku da suka wuce. Da ta zuba mini na ga wani ɗan maiƙo-maiƙo yana yawo a sama, na hure shi na sha. A nan zan faɗi gaskiya a kaina. Shekara ta biyu ke nan muna cikin fari, nawa tankin ya bushe tun watan Maris, ruwan gari nake sha, harshena ya riga ya mutu. Ban da haka, da idona na ga daga famfon kicin ta ɗebo ruwan, famfon kicin kuwa na tanki ne. A garinmu za ka iya zargin fasto, za ka iya zargin matarka, amma ba wanda ya taɓa zargin tanki.

Saboda haka sai na bi hanyar banza. Na ce wayar wuta ce ke ƙona butoci, na yi kwana biyu ina kwance soket ina ɗaurawa, ban sami komai ba. Na ce ɓeraye ne ke ƙwanƙwasa bango, na hau rufi na dasa tarko shida, abin da na kama gizo-gizo ne a wuyan riga. Na zargi injin wanki, na zargi garin sabulun da take saya. Na manna kunne a bangon ɗakinta har kunnen ya yi sanyi, tsit kake ji, don ni sai ƙarfe goma nake zuwa, ita kuwa bugun da sassafe take jinsa. Shi ma Warwick bai taɓa ji ba, da yake in ya zo otal yake sauka, wai katifar gidan tana sa masa ciwon baya.

Mako ya tafi a haka. Ranar Litinin ta biyu na tarar da ita a falo tana naɗe kofunan tangaran a jarida tana jerawa a kwali. Hoton Len ya sauko daga bango, sai fankon wurin.

"Me ke nan kike yi?"

"Abin da ka gani."

"Haba Dulcie, ai saura kwana huɗu."

"Col, zauna." Ba ta ce ɓarawo ba, ba ta ce tsohon banza ba, nan na san abin ya yi nisa. "Shekara sittin ina dafa miyar wake. Na jiƙa shi, na dafa shi awa huɗu, ya ƙi nuna. Na ce ko ban jiƙa ba ne nake ganin kamar na jiƙa. Na wanke gashina, in ji shi kamar igiya, in tsaya ina tambayar kaina, na wanke kuwa? Shayina ma ba ya mini daɗi. Uwata haka ta fara. Gara in tafi da ƙafata tun ina gane fuskar yaron nan."

Na fita na zagaya ta bayan gidan, wai in kwance murfin magudanar injin wanki, don dai in sami abin da zan sa hannuna a kai. Na gama, hannu duk baƙin mai, na shiga ɗakin wanki na ɗauki sabulun sanda na murza. Na murza, na ƙara murzawa. Ba kumfa. Sai wani farin gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke yana manne mini a gashin hannu. Na tsaya ina kallonsa. A gidana haka sabulu yake yi mini kullum, shi ya sa da farko ban ji komai ba. Can sai abin ya faɗo mini: ai ba a gidana nake ba.

Na fito na nufi tankin.

Ka san yadda muke auna ruwa. Tankin kwano ne mai zobe-zobe, kana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa daga ƙasa zuwa sama. Inda ruwa yake sai ka ji dum, inda ya ƙare sai ka ji ƙwal. Yaro ɗan shekara huɗu ya iya. Amma ba a ƙwanƙwasa tankin wani, balle a shekarar fari. Daidai yake da ka zura hannu a aljihun mutum ka ga abin da ya rage masa. Shi ya sa mako guda ina gidan ban ko kusanci nata ba.

Na ƙwanƙwasa zoben ƙasa. Dum. Na uku, inda na duk garin suka tsaya a wannan watan, dum. Na bakwai, dum. Na yi ɗage na miƙa hannu iya tsawona. Dum.

"Dulcie! Fito!"

Ta fito tana dogara sanda, ta gan ni da hannu a jikin tanki, fuskarta ta canza.

"Wa ya ba ka izini, marar kunya?"

"Tankinki cike yake fal."

Ta matso kusa da tankin.

"Kai ma haka ka ji?"

"Kamar yaya ni ma?"

"Col, wata takwas ke nan ina ƙwanƙwasawa ina jin a cike. Shekara biyu ba ruwan kirki, ta yaya tanki zai cika? Na ce to kunnen da ke jin bugun bango shi ne ke jin wannan ma. Ban faɗa wa kowa ba. Wannan ne ya fi tsorata ni duk a cikinsu."

Na jawo tsani. Shekarata saba'in da ɗaya, likita ya hana ni hawa ko kujera, amma ban san lokacin da na kai sama ba. Na ɗaga murfi na leƙa. Ga ruwa har baki. A gefe kuma, can saman, ga wata ƙwallon roba a kan sanda, irin wadda ke cikin tankin bayan gida, ta yi farin ɓawo kamar an tsoma ta a farar ƙasa. Wani baƙin bututu ya fito daga jikinta ya sauka ta bayan tankin, ya ɓuya a cikin kurangar inabi. Na sauko na bi shi da rarrafe. Bai tsaya ko'ina ba sai a famfon lambu.

Wato duk kofin da Dulcie ta ɗiba, ruwan gari ne ke shiga ya maye gurbinsa. Da farko gauraye yake da na sama, ba a ji. A hankali a hankali na saman ya ƙare, ya zama zallan zartsi. Ɗan yayyafin da aka yi sau biyu ma, da yake tankin cike yake, ta bututun ambaliya ya zube a ƙasa.

Na yi mata bayani ina haki. Ta zauna a kan bencin wanki, ta daɗe tana kallon kurangar.

"Lokacin da aka yi mini aikin ƙugu," ta ce, "kwana goma na yi a asibiti. Warwick ne ya zauna a gidan. Da na dawo ya ce mini, Mama, daga yau kada ki ƙara damuwa da ruwa. Na ɗauka addu'a ce yake mini."

"Bari in buga masa waya."

"Ka taɓa wayar nan in karya maka yatsa. Bar shi ya zo da nas ɗinsa. Ɗauko mini hoton mijina ka mayar inda yake."

Da ka ga yadda matar nan ta miƙe, sai ka rantse an cire mata shekara goma.

Kwana ukun da suka rage ban zauna ba. Farko na tafi jujin gari, inda ake ware tsofaffin kayan lantarki gefe guda, na yi rabin yini ina tono har na sami ɗaya daga cikin butocin da Warwick ya zubar. Na gane ta da jan zaren da Dulcie ke ɗaurawa a marikin kayanta. Na biyu kuwa shi ne mai wuyar: ruwan sama na gaske. A shekarar fari, roƙon mutum ruwan tankinsa ya fi roƙonsa mota nauyi. Na ɗora durom a bayan a-kori-kura na bi gida-gida, ina cewa na Dulcie ne, dalili kuwa sai Juma'a. Wannan ta ba da bokiti, wancan rabin bokiti. Ray Mudge, wanda ko gaisuwa sai ya auna yake bayarwa, ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Ita ce ta zauna da matata daren da za ta cika," ya ce. Ya ba da bokiti biyu, ya biyo ni har mota yana cewa in na zubar da ɗigo ɗaya a hanya zai sani.

Kafin yamma durom ya kai rabi. Dulcie ta jiƙa wakenta ranar Alhamis, ta wanke gashinta, ta wanke tawul guda ɗaya tak ta shanya.

Ranar Juma'a ƙarfe goma suka iso. Nas ɗin sunanta Anthea Kouris, mace ce mai fara'a, tana rungume da jakar takardu. Warwick ya sumbaci uwarsa a kumatu, ya dube ni ya girgiza kai kamar mai yi mini ta'aziyya.

"Misis Zadow, 'yan tambayoyi ne kawai zan yi miki, kada ki ji tsoro," in ji nas.

"Yi abinki, 'yata. Amma kin sha hanya, fara wanke hannu. Col, buɗe mata ruwan zafi sosai, ka bar shi ya zuba."

Na buɗe famfon ruwan zafi na ɗakin wanki na tara bokiti, na bar shi yana kwarara. Muka koma ɗakin kwanan Dulcie, don ta ce nan take son a yi tambayoyin. Nas ta fara: yau wace rana ce, wane wata, riƙe mini waɗannan kalmomi uku. Dulcie tana amsawa tana gyara mayafin gado. Ba a yi minti biyar ba sai ga shi daga cikin bango: ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Dum.

Nas ta ɗaga kai. "Ana buga ƙofa ne?"

"Au, ke ma kin kamu?" in ji Dulcie. "Warwick, nemo ɗaki biyu a gidan tsofaffin, ga abokiyar zama na samu."

Na ja su zuwa ɗakin wanki, na nuna musu tukunyar dumama ruwa, wadda ke jingine da bayan bangon gadonta. Na kashe wuta, na kwance bakin ƙasa. Abin da ya fito ba ruwa kaɗai ba ne, farin tsakuwa ne da ɓawo, sai da ya kusa cika rabin bokiti. Na ce musu in ƙarfen dumamawa ya yi zafi a ƙarƙashin wannan tarin, ruwa ne ke tafasa a cikin ramukan yana fashewa, shi ne bugun. Dulcie kuwa da sassafe take wanka.

Daga nan muka koma teburin kicin, inda ta riga ta jera kayanta kamar mai baje koli. Ta miƙa wa ɗanta tsohuwar butar.

"Zura hannu."

Ya zura, ya fito da ɓawo mai kaurin biskit.

"Wannan ne ya rufe ƙarfen har ya ƙone. Ni da idona ba na gani sosai, kai da ka zubar da guda uku, ko sau ɗaya ka leƙa ciki?"

Ta ɗauko kwalabe biyu, ɗaya ruwan famfon kicin, ɗaya ruwan durom, ta kankara sabulu daidai-daidai a kowace, ta ba nas ta ce ta girgiza. Ta durom ta yi kumfa har wuya. Ta famfo ta koma kamar ruwan tsaki. Ta ajiye tawul biyu ta ce su taɓa. Sannan ta buɗe tukunya, ƙamshi ya cika kicin, ta zuba wa kowa. Waken ya narke lugub, ko cokali bai tsaya masa ba.

Warwick ya ce, "To amma Mama, ta yaya ruwan tanki zai..." Sai ya tsaya. Na ga jan ya taso masa daga wuya ya haye har tsakiyar sanƙo.

"Ƙarasa mana," in ji ta.

"Ni dai... gani na yi saura zobe biyar, kina asibiti, ga fari. Na san in na tambaye ki ba za ki yarda ba. Na sayo kayan na haɗa da kaina. Ai ruwa ruwa ne, Mama."

"Ruwa ruwa ne." Ta juyo gare ni. "Ka ji ko, Col? Mun sayar da tumaki ɗari biyu mun kai shi makarantar birni, ga abin da ya koyo. Ɗan Len Zadow, wanda na yi wankan jegonsa da ruwan tankin nan, ya zuba mini ruwan lambu a shayi shekara ɗaya da rabi, sannan ya zo da mota zai kai ni inda ake kai waɗanda suka ruɗe."

"Mama, don Allah ki yafe mini. Taimako na yi nufi."

"Na sani, sakarai. Shi ya sa na zuba maka miya ban zuba maka ita a ka ba. Ci."

Ya sunkuya yana ci, hawaye na ɗiga a kwano. Ita ma na ga ta juya tana goge tukunyar da ba ta da datti.

Nas Anthea dai sai da ta ƙarasa aikinta, don ta ce takarda ba ta san miya ba. Ta tambayi kalmomi ukun nan na ɗazu, Dulcie ta jero mata su, ta ƙara da cewa nas ɗin ta bar mabuɗin motarta a kan injin wanki, kuma ta tsallake tambaya ta shida. Aka duba, haka ne. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce abin da kawai Misis Zadow ke bukata shi ne man shafawa na ƙaiƙayi da likitan ido. Ta tafi da kwalbar miya a kujerar gaba.

A ranar, kafin rana ta yi sanyi, Warwick ya cire rigar birninsa ya shiga ƙarƙashin kuranga da kansa ya yanke bututun, uwarsa tana zaune a benci tana ba shi umarni da sanda. Ruwan da ke tankin ba mu zubar ba, a shekarar fari ba a wannan wauta, lambu muka juya shi a hankali. Mako na biye ya aiko da masu haɗa na'urar da ke cire zartsi, don wanka da wanki, da sabuwar tukunyar dumama ruwa. Na sha kuwa maƙwabta suka ɗauke, yau wannan gida gobe wancan, har watan Yuni da sama ta buɗe, aka yi kwana uku ana sheƙawa. A rana ta uku Dulcie ta kira ni ta ce in zo in ƙwanƙwasa da izininta. Zobe tara.

Yanzu in za a ce wa ya ci wa ya faɗi, ga yadda na gani. Dulcie ta ci gidanta, ta kuma ci abin da ya fi gidan, wato ta daina zargin kanta. Tana nan har yau, shekararta tamanin da uku, an cire mata yanar ido, yanzu ba abin da ke wuce ta. Ni na ci jirgi, ban ɗaga ko cokali ba, kamar yadda aka yi alkawari, illa ƙuguna da ya yi mako uku yana tuna mini da tsanin nan. Gidan tsofaffi sun rasa wadda da ta gyara musu zama.

Warwick shi ne ya faɗi, kuma ya faɗi da kyau. Jirgi ya tafi, wani mutumin birni da ya riga ya nuna wa gidan a ɓoye ya yi fushi da shi. Amma abin da ya fi masa ciwo sunansa ne. Garinmu in suka laƙaba maka suna, har kabari. Tun da shi ne mutumin da ya cika tanki a tsakiyar fari, sai suka sa masa Girgije. A shagon mai Girgije, a otal Girgije, fasto ma ya taɓa suɓutar baki a kan mumbari. Yanzu sau biyu yake zuwa a wata, a gidan yake kwana da ciwon bayansa da komai, kuma yana amsawa.